Saƙon Gishiri A Ƙwaƙwalwa: Aikin Da Ƙwayoyin Gliya Ke Yi A Ɓoye

A shekarar 1997, wasu masana a ƙasar Japan ƙarƙashin jagorancin Kohichi Tanaka sun wallafa sakamakon wani gwaji a mujallar Science. Sun samar da ɓerayen da aka cire wa ƙwayar gado guda ɗaya tak, wadda ke ƙera wani furotin mai suna GLT-1. Ɓerayen sun zo duniya kamar sauran 'yan'uwansu, amma ba su yi nisa ba farfaɗiya ta fara kayar da su ba tare da an taɓa su ba, da yawa kuma suka mutu tun suna ƙanana. Abin da ya ja hankali shi ne, akasarin wannan furotin ba a jikin ƙwayoyin jijiya yake ba, waɗanda kowa ya san su ne masu aika saƙo a ƙwaƙwalwa. Yana jikin wasu ƙwayoyi ne daban da ake kira gliya, waɗanda aka shafe sama da shekara ɗari ana yi musu kallon 'yan cikon benci. Kuma furotin ɗin ba ya iya aikinsa sai da sodiyam, sinadarin nan da ke cikin gishirin da muke zubawa a miya.

Likitan Jamus Rudolf Virchow ne ya raɗa wa gliya suna a 1856, yana ganin wani abu ne mai danƙo da ke riƙe jijiyoyi don kada su wargaje. Bayansa Camillo Golgi na Italiya ya lura cewa wasunsu na miƙa ƙafafu har su dafa jijiyoyin jini, sai ya yi hasashen cewa su ne ke ciyar da ƙwayoyin jijiya. Irin waɗannan masu rassa ta kowace fuska su aka kira astrosayit a shekarun 1890, saboda siffarsu ta tauraro, kuma a kansu wannan rahoto zai fi tsayawa. An daɗe ana maimaita cewa gliya sun ninka ƙwayoyin jijiya sau goma, amma ƙidayar da Suzana Herculano-Houzel da abokan aikinta suka yi a Birazil a 2009 ta nuna kusan kai ɗaya suke: ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, sauran ƙwayoyin kuma kimanin biliyan 85. Yawansu bai kai yadda ake faɗa ba, amma aikinsu ya wuce yadda ake zato. Astrosayit guda ta ɗan Adam na iya rungumar mahaɗun jijiya, wato wuraren da ƙwayar jijiya ke miƙa saƙo ga ta gaba, daga dubu 270 har zuwa miliyan 2.

Dalilin da ya sa aka yi watsi da su ba ɓoyayye ba ne. A 1952 Alan Hodgkin da Andrew Huxley a Ingila suka bayyana yadda jijiya ke aika saƙo: ƙofofi na buɗewa a tantanin da ya lulluɓe ta, sodiyam ya kwararo ciki cikin ƙiftawar ido, wutar lantarki ta ruga daga wannan gefe zuwa wancan. Da aka soka wa gliya na'urorin auna lantarki, sai aka ji su shiru, ba sa harba komai. A zamanin da kunnen kimiyya ba ya jin komai sai lantarki, duk wanda bai harba ba bebe ne. Ko da Richard Orkand da John Nicholls da Stephen Kuffler suka nuna a 1966 cewa gliya na jin motsin jijiyoyin da ke maƙwabtaka da su ta hanyar fotashiyam ɗin da jijiyoyin ke zubarwa, an ci gaba da ɗaukarsu masu saurare kawai.

Tudu da gangare

Kafin a fahimci abin da ya sauya, sai an fahimci wani tsari da kowace ƙwaya mai rai a jikinmu ta dogara da shi. A ruwan da ke zagaye da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, sodiyam ya kai kimanin milimol 145 a kowace lita. A cikin astrosayit kuwa bai wuce kimanin 15 ba. Wannan rata ba haka kawai ta faɗo ba. Aiki ne ake yi dare da rana don a riƙe ta. A 1957, Jens Christian Skou na Jami'ar Aarhus da ke Denmak, yana nazarin jijiyar ƙaguwa, ya gano famfon da ke wannan aiki, abin da ya kai shi ga lambar Nobel shekara 40 bayan haka. Famfon na fitar da sodiyam 3 waje, ya shigo da fotashiyam 2, kuma duk zagaye guda sai ya ƙona ƙwayar makamashi ɗaya, wadda masana ke kira ATP. Ƙwaƙwalwa kashi 2 cikin ɗari ce ta nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 na makamashinsa, kuma kimanin rabin wannan kaso famfon sodiyam ne ke lashe shi.

Me ya sa jiki zai yi irin wannan kashe kuɗi? Mai gidan da ya tayar da inji ya tura ruwa cikin tankin da ke saman bene bai yi asarar mai ba: ya tara ƙarfi ne, domin daga baya duk famfon da aka murɗa a gidan ruwa zai zubo da kansa. Haka sodiyam yake. Tunda an tara shi a waje, kullum neman hanyar gangarowa ciki yake yi, ƙwaya kuma takan ɗaura masa kaya ya shigo da su. Duk uwar da ta taɓa haɗa wa yaro mai gudawa ruwan gishiri da sukari ta yi amfani da wannan ƙa'ida ko da ba ta sani ba, domin a hanji sodiyam da gulukos tare suke ratsa tantani ta ƙofa guda, ruwa kuma ya bi bayansu.

A ƙwaƙwalwa, kaya mafi nauyi da ake ɗaura wa sodiyam shi ne gulutamet. Wannan shi ne sinadarin da yawancin ƙwayoyin jijiya ke fesawa a mahaɗarsu don zaburar da ta gaba. Da shi muke koyo, da shi muke tuna abu. Amma in ya daɗe a wurin ko ya taru da yawa, sai ya zama guba, ya yi ta zaburar da jijiya har ta mutu. Dole a kwashe shi nan take, kuma astrosayit ce ke kwashe mafi yawansa ta hanyar furotin biyu, GLT-1 da GLAST. Noa Zerangue da Michael Kavanaugh sun ƙididdige cinikin a 1996: duk gulutamet ɗaya da zai shiga, sai sodiyam 3 da haidirojin 1 sun raka shi, fotashiyam 1 kuma ya fita. Binciken Niels Danbolt a birnin Oslo ya nuna GLT-1 shi kaɗai ya kai kusan kashi 1 cikin ɗari na dukkan furotin da ke ƙwaƙwalwa. Jiki ba ya zuba dukiya haka a kan abin da ba shi da muhimmanci.

To a nan maganar ta fara daɗi. Idan duk gulutamet ɗaya na shigowa da sodiyam 3, ashe duk lokacin da jijiyoyi suka yi aiki, sodiyam zai ƙaru a cikin astrosayit daidai gwargwadon aikin da suka yi. Wato ƙwayar ba ta buƙatar wani ya zo ya ba ta labarin abin da maƙwabtanta ke ciki. Adadin sodiyam ɗin da ke cikinta shi ne labarin.

Yadda aka fara gani

Kalsiyam ne ya fara fitar da gliya kunya. A 1990 Ann Cornell-Bell da Stephen Smith a Jami'ar Yale ta Amurka suka zuba gulutamet a kan astrosayit da aka raina a ɗakin gwaji, suka ga kalsiyam na tashi yana bi daga ƙwaya zuwa ƙwaya. Hotunan sun burge duniyar kimiyya, daga nan kuma kusan kowa ya karkata ga kalsiyam. Akwai dalili. Kalsiyam ɗin da ke cikin ƙwaya ɗan mitsitsi ne, ya gaza na waje fiye da sau dubu goma, don haka in ya ɗan ƙaru sai ya ninka kansa sau da yawa, rinin da ake gano shi da shi ya haska fes. Sodiyam kuwa in ya tashi daga 15 zuwa 18, kashi ɗaya cikin biyar kawai ya ƙaru, rinin da ake da shi kuma, irin SBFI wanda ɗakin binciken Roger Tsien ya samar a 1989, haskensa bai taka kara ya karya ba. Aunawa na da wuya, masu haƙurin yinta kaɗan ne.

Cikin waɗannan 'yan kaɗan akwai Christine Rose, wadda yanzu take Jami'ar Heinrich Heine a birnin Dusseldof na Jamus. A 1996, tare da Bruce Ransom, ta auna sodiyam a cikin astrosayit na ɓera, a shekara ta gaba kuma suka nuna cewa ƙananan kafofin da suka haɗa wannan ƙwaya da waccan suna daidaita sodiyam a tsakaninsu. A 2009 ita da Julia Langer suka matsa gaba: a cikin yankakken ɓangaren ƙwaƙwalwar ɓera da ke kula da ajiye tunani, sun zaburar da jijiyoyi, suka ga sodiyam ya tashi da milimol kaɗan a cikin astrosayit, ya kuma ɗauki sakanni masu yawa kafin ya sauka. Mafi yawan wannan tashi daga kwasar gulutamet ya fito. A 2012 suka nuna sodiyam ɗin na ratsawa zuwa ƙwayoyin maƙwabta, kuma a ɓerayen da ba su da furotin biyu masu gina waɗancan kafofi, bazuwar ta tsaya. A shekarar ce Sergei Kirischuk da Vladimir Parpura da Alexei Verkhratsky suka fito fili suka ce lokaci ya yi da za a ɗauki sodiyam a matsayin saƙo mai zaman kansa a cikin gliya.

Ba kowa ne ya karɓi wannan magana hannu bibbiyu ba. Masu ja na cewa kalsiyam na da furotin na musamman da ke kama shi su isar da umarni, sodiyam kuwa ba shi da irinsu, don haka tashinsa ɓurɓushin aiki ne kawai. A ganina wannan hujja ba ta tsaya da ƙafarta ba. Astrosayit cike take da furotin masu jigila da suka dogara da ratar sodiyam: mai daidaita tsami, mai shigo da kulorayid, mai fitar da gulutamin ɗin da jijiya ke sake ƙera gulutamet da shi, mai kwashe GABA, sinadarin da ke kwantar da jijiyoyi. Da zarar sodiyam na ciki ya motsa, saurin kowannensu ya sauya, wasu ma su juya baya. Abin da ke sauya halin abubuwa masu yawa a lokaci guda, daidai gwargwadon aikin jijiya, ya cancanci a kira shi saƙo.

Misali mafi fito da wannan shi ne furotin NCX, mai musayar sodiyam 3 da kalsiyam 1. A al'ada yana barin sodiyam ya shigo don ya fitar da kalsiyam. Amma a astrosayit yana zaune ne dab da kan iyaka, ta yadda ƙarin sodiyam kaɗan ya isa ya juya shi, ya koma shigo da kalsiyam. Ke nan wani ɓangare na hasken kalsiyam ɗin da aka yi shekaru ana sha'awa, musamman a siraran rassan da ke manne da mahaɗa, sodiyam ne ya kunna shi.

Sai batun abinci, wanda ya koma kan hasashen Golgi. A 1994 Luc Pellerin da Pierre Magistretti a birnin Lozan na Suwizalan suka nuna cewa in astrosayit ta kwashi gulutamet, sodiyam ɗin da ya biyo shi na tilasta wa famfo ƙara ƙaimi, famfo ya ci ATP, ƙwayar ta jawo gulukos, ta farfasa shi ta fitar da laktet. Suka ce wannan laktet ɗin shi jijiyoyi ke ƙonawa idan aiki ya yi yawa. Shekara 10 bayan haka, Yann Bernardinelli da Magistretti da Jean-Yves Chatton suka ga tashin sodiyam na bi ƙwaya-ƙwaya, cin gulukos na bin sawunsa. Har yau ana muhawara mai zafi kan yawan laktet ɗin da jijiya ke karɓa, domin masana irin su Gerald Dienel na ganin jijiya na iya cin gulukos ɗinta kai tsaye. Sai dai rabin farko na labarin, cewa sodiyam ne ke sanar da astrosayit ta ƙara wuta, ya samu goyon bayan gwaje-gwaje masu yawa.

Ƙwayar da ke ɗanɗana jini

Akwai wurin da gliya ke yin abin da ya fi wannan ban mamaki. Yawancin ƙwaƙwalwa na da shinge tsakaninta da jini, amma akwai 'yan gurare a tsakiyarta da aka bar su a buɗe domin su riƙa jin halin da jini ke ciki. Masaharu Noda da Takeshi Hiyama, waɗanda suka yi bincike a garin Okazaki na Japan, sun gano cewa gliya na waɗannan gurare na ɗauke da wata ƙofa mai suna Nax, wadda ke buɗewa idan sodiyam na waje ya haura kimanin milimol 150. Lafiyayyen ɓera in aka hana shi ruwa, yakan guji ruwan gishiri. Ɓeran da ba shi da Nax kuwa ci gaba yake da sha, kamar yadda tawagar Noda ta ruwaito a 2000. A 2007 suka bi diddigin hanyar: sodiyam ya shiga gliya, famfo ya tashi, laktet ya fito, laktet ya zaburar da wasu jijiyoyi masu taka birki, sha'awar gishiri ta mutu. A 2019 suka nuna a jikin ɓeraye cewa wannan ƙofa na da hannu a yadda yawan sodiyam ke tayar da hawan jini ta hanyar jijiyoyin da ke matse magudanan jini.

A nan ya kamata mai karatu ya yi hattara. Duk wannan bayani ba ya nufin ƙara gishiri a abinci zai ƙara kaifin ƙwaƙwalwa. Ƙoda da ƙishirwa na riƙe sodiyam na jini tsakanin milimol 135 da 145, ratar da astrosayit ke aiki da ita kuma famfo ne ke samar da ita, ba cokali ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, kuma dunƙulen ɗanɗanon da ake jefawa a tukunya yana cikin lissafi. Binciken SIREN da aka gudanar a asibitocin Najeriya da Gana, wanda aka wallafa a 2018, ya sa hawan jini a sahun farko na abubuwan da ke jawo shanyewar ɓarin jiki, ya kuma lissafa barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa cikin abubuwan haɗari.

Idan famfo ya tsaya

Cututtuka ne suka fi nuna darajar wannan tsari. A 2003 masana a birnin Milan suka gano cewa wani nau'in ciwon ɓarin kai na gado, mai zuwa da raunin ɓarin jiki na ɗan lokaci, ya samo asali ne daga tangarɗa a ƙwayar gado ATP1A2. Ita ce ke ƙera irin famfon sodiyam ɗin da a ƙwaƙwalwar babba astrosayit ce ta fi ɗauke da shi. A ɓerayen da aka sa wa wannan tangarɗa, kwasar gulutamet da fotashiyam na yin jinkiri, sai ya zama da sauƙi wata igiyar ruɗani ta tashi ta ratsa saman ƙwaƙwalwa a hankali, kimanin milimita 3 a minti. Ɗan Birazil Aristides Leão ne ya fara ganin wannan igiya a ƙwaƙwalwar zomo a 1944, kuma ita ake dangantawa da walƙiyar da wasu masu ciwon ɓarin kai ke gani kafin ciwon ya sauko.

Farfaɗiya ma na da alaƙa da rashin daidaito tsakanin abin da ke zaburarwa da abin da ke kwantarwa. Ina ganin wajibi ne a riƙa faɗin haka da Hausa, domin har yanzu akwai gidajen da ake ɓoye mai farfaɗiya, ake gudun yawunsa, ake cire shi daga makaranta. Cuta ce ta ƙwaƙwalwa, ba a ɗaukarta ta taɓawa ko ta yawu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita sun kai miliyan 50, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma har kashi 70 cikin ɗari na iya daina faɗuwa in sun samu magani daidai.

Mafi muni shi ne abin da ke faruwa idan jini ya toshe a ƙwaƙwalwa. Babu iskar oksijin, babu gulukos, ATP ya ƙare cikin mintoci, famfo ya tsaya. Sodiyam ya cika ƙwayoyi, kulorayid ya bi shi, ruwa ya bi su, astrosayit ta kumbura. Ƙoƙon kai ba ya buɗewa, don haka kumburin kan matse sassan da suka rage da rai. Ratar da ake kwashe gulutamet da ita ta rushe, kuma David Attwell da abokan aikinsa a Landan sun nuna a 2000 cewa a tsananin yankewar jini, furotin masu kwasar gulutamet na juyawa su riƙa zubo shi waje. NCX shi ma ya juya, kalsiyam ya kwararo ciki. Tsarin da aka gina don kariya shi ne ke komawa ya ƙarasa ɓarnar.

An yi ƙoƙarin mayar da wannan ilimi magani, amma zuwa yanzu sakamakon bai faranta rai ba. Jeffrey Rothstein na Jami'ar Johns Hopkins ya gano a 1995 cewa masu cutar ALS, mai kashe jijiyoyin motsa tsoka, irin wadda Stephen Hawking ya rayu da ita, sun rasa kaso mai yawa na furotin mai kwasar gulutamet. A 2005 tawagarsa ta tantance magunguna 1,040 ta gano cewa seftirayazon, allurar kashe ƙwayoyin cuta da ake amfani da ita kullum a asibitocinmu, na ƙara yawan GLT-1 a ɓeraye. Murna ta koma ciki a 2014, lokacin da babban gwaji a jikin mutane ya nuna ba ta tsawaita rayuwar masu cutar ba. Mafi yawan abin da aka sani game da sodiyam a gliya daga ɓeraye aka samo shi, astrosayit ta mutum kuwa ta fi ta ɓera girma da yawan rassa nesa ba kusa ba. Duk wanda ya tallata maka ƙwaya ko gari da sunan gyara gliya, ya riga masu binciken da kansu isa inda ba su kai ba.

Abin da wannan ilimi ya tabbatar, wanda kuma ke hannun kowa, shi ne lokaci. Likitan jijiya Jeffrey Saver ya ƙididdige a 2006 cewa a babbar toshewar jini, ƙwaƙwalwa na asarar ƙwayoyin jijiya kimanin miliyan 1.9 a duk minti guda da ba a yi magani ba, allurar narkar da gudan jini kuma ana yinta ne cikin awa 4 da rabi na farko, bayan hoton kai ya nuna ba zubar jini ba ce. Don haka in ka ga bakin wani ya karkace, ko hannunsa ɗaya ya saki, ko maganarsa ta sarƙe farat ɗaya, kada a tsaya shafa mai ko jiran gari ya waye, kada kuma a ɗura masa ruwa ko magani a baki. A lura da lokacin da abin ya fara, a nemi mota, a kai shi asibiti mafi kusa da ke da na'urar ɗaukar hoton kai.